Corneliu Coposu

Corneliu Coposu (1914–1995) ɗan siyasar ƙasar Romaniya ne, sanata, kuma shugaban jam'iyyar manoma ta PNȚCD. Shi ne jigon 'yan adawa bayan rushewar mulkin kwaminisanci a 1989.

An haife shi ranar 20 ga Mayu 1914 a ƙauyen Bobota da ke yankin Transylvania, mahaifinsa limamin coci ne. Ya karanta shari'a a birnin Cluj, ya taɓa aikin jarida, sannan a 1937 ya zama sakataren Iuliu Maniu, jagoran jam'iyyar manoma kuma tsohon firaminista. A gaban Maniu ya koyi siyasa, bai kuma juya masa baya ba har abada.

Wannan biyayya ce ta jawo masa ɗauri. A watan Yuli 1947 gwamnatin 'yan kwaminis ta haramta jam'iyyar, ta kame shugabanninta. Coposu ya shafe shekaru a tsare ba tare da shari'a ba, daga baya aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Mafi tsananin wahalar a kurkukun Râmnicu Sărat ya sha ta, inda aka kulle shi shi kaɗai a ɗaki na tsawon shekaru, ba a yarda ya yi magana da kowa ba. Matarsa Arlette ita ma an ɗaure ta, kuma ba ta daɗe da fitowa ba ciwon daji ya yi ajalinta. Da aka sake shi a 1964, bayan shekara 17, lauyan nan aikin leburanci ya samu a wuraren gine-gine, 'yan sandan ciki na Securitate suna biye da sawunsa.

Shugaban mulkin kwaminisanci Nicolae Ceaușescu na faɗuwa a Disamba 1989, Coposu ya farfaɗo da jam'iyyar yana ɗan shekara 75, aka yi mata rajista a Janairu 1990. Sabbin masu mulki ƙarƙashin Ion Iliescu ba su yi masa da sauƙi ba. An yi ta yi masa ƙazafi, kuma a watan Yuni na shekarar masu haƙar kwal da aka kwaso zuwa Bucharest suka farfasa ofishin jam'iyyar. Abin da ya fi ɗaga darajarsa shi ne duk da abin da ya gani, bai nemi ramuwar gayya ba, bai kuma nemi kujerar shugaban ƙasa wa kansa ba.

Ya gane cewa 'yan adawa a rarrabe ba za su kai labari ba, sai ya haɗa kansu a ƙawancen CDR a 1991, ya zama shugabansa na farko. An zaɓe shi sanata a 1992. Yana cikin masu son a maido da tsohon sarkin Romaniya, Sarki Michael, kan gadon sarauta.

Ya rasu ranar 11 ga Nuwamba 1995 sakamakon ciwon dajin huhu, dubban mutane suka fito titunan Bucharest don jana'izarsa. Shekara guda bayan haka ɗan takarar CDR, Emil Constantinescu, ya kayar da Iliescu a zaɓen shugaban ƙasa na 1996.