Ba dole sai kowane yaro da nasa littattafan ba

Iyaye da yawa a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas masu koyar da yara a gida sun ɗauka wai dole a saya wa kowane yaro nasa littattafan daban bisa shekarunsa, wallahi ba haka bane, asarar kuɗi ce kawai. Lissafi da koyon karatu ne ke buƙatar kowa a matakinsa, don wanda bai iya tarawa ba ba zai gane ninkawa ba ko ya kai shekara 10. Amma kimiyya, tarihi, sira, ku zaunar da su tabarma ɗaya, ƙaramin ya zana shukar wake, babban ya rubuta yadda take tsirowa. Ku dai riƙa duba manhajar NERDC, hukumar gwamnati mai tsara manhajar makarantun Najeriya, musamman in babban zai zana jarrabawar shiga sakandare.