Yadda Mai Ciwon Suga Zai Gane Sugansa Ya Hau

Yaushe ake cewa suga ya hau?

Ga yawancin manya masu ciwon suga, likitoci suna so awon jini ya tsaya tsakanin 80 da 130 mg/dL kafin cin abinci, kuma kada ya wuce 180 bayan awa biyu da ci. Wasu na'urorin gwaji da mmol/L suke nunawa, a nan 180 daidai yake da 10. Likita yana iya sauya wa mutum wannan iyaka saboda tsufa ko juna biyu.

Waɗanne alamomi ne suke fara bayyana?

Yawan fitsari da ƙishirwa su ne kan gaba, kuma ɗaya ne yake jawo ɗaya. Idan suga ya wuce kimanin 180 a cikin jini, ƙoda ba ta iya riƙe shi duka, sai ta zubar da ragowar cikin fitsari, shi kuma ya janye ruwan jiki ya fita da shi. Shi ya sa mutum yake tashi sau da yawa cikin dare, bakinsa ya bushe, ya sha ruwa amma ƙishirwar ba ta yankewa. Daga nan sai kasala da gani dishi-dishi. Idan abin ya daɗe, akan ga rama duk da cin abinci, da gyambon da ya ƙi warkewa, da ƙuraje, da ƙaiƙayin gaba, musamman ga mata. Wasu sai sun ga kiyashi ya taru inda suka yi fitsari sannan hankalinsu yake kai wa.

To, jiki ya isa ya faɗa wa mutum halin da yake ciki?

Bai isa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu. Suga yana iya zama sama da 200 na makonni mutum yana harkokinsa ba ya jin komai, alhali ɓarna tana ci gaba a ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. A lokacin bazara kuwa kowa yana fama da ƙishirwa da kasala, don haka laifin yakan faɗa kan rana. Na'urar gwaji ce kaɗai take raba gardama, sai kuma gwajin HbA1c na asibiti, wanda yake nuna matsakaicin suga na kimanin wata uku.

Me yake sa shi hawa ko da ana shan magani?

Tsallake magani ko allura, da yawan tuwo ko shinkafa ko lemon kwalba, sanannu ne. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne rashin lafiya: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara ko miki mai ruwa suna ɗaga suga ko da mutum ba ya iya cin abinci, saboda haka kuskure ne a daina allurar insulin, wato sinadarin da yake sauke suga a jini, ba tare da shawarar likita ba. Magunguna irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu suke sha don ƙiba, suna ɗaga shi sosai. Insulin ɗin da zafi ya lalata ma ba ya aiki yadda ya kamata.

Yaushe ya zama dole a garzaya asibiti?

Idan awo ya wuce 250 kuma akwai amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, ko baki yana wari kamar na nunannen ɗan itace, to alama ce jini yana cika da kiton, wani sinadari da jiki yake samarwa idan yana ƙona kitse a maimakon suga, wanda yawansa yake iya kisa cikin ɗan lokaci, musamman ga masu ciwon suga nau'i na ɗaya, wato waɗanda jikinsu ba ya samar da insulin. Tsofaffi masu nau'i na biyu kuwa, wato waɗanda insulin ɗin jikinsu ba ya aiki sosai, nasu a hankali yake zuwa, cikin kwanaki: bushewar jiki, yawan barci da ruɗewa, suga kuma yakan wuce 600. Mai azumi da awonsa ya wuce 300 ana ba shi shawara ya sha ruwa ya nemi likita.

Yaya ake bambanta shi da faɗuwar suga?

Faɗuwa farat ɗaya take zuwa, da gumi da rawar jiki da yunwa da bugun zuciya, awo kuma ƙasa da 70. Hawa yakan ɗauki sa'o'i ko kwanaki, fata a bushe. Wanda ya suma kuwa, ko wanne ne sanadi, kada a ɗura masa komai ta baki, a kwantar da shi ta gefe a kai shi asibiti.