Koyar da tarihi a zamanin waya: tambayoyi kan labaran ƙarya, launin fata da adalci a makaranta

Na daɗe ina koyar da tarihi da darasin zamantakewa, wanda yara ke ce wa soshiyal, kuma akwai wasu tambayoyi da kullum sai sun dawo, wani lokacin daga iyaye wani lokacin daga malamai 'yan uwana. Bari in tattaro su wuri ɗaya in amsa iya sanina.

Wai meye amfanin tarihi ga yaron da zai zama likita ko injiniya?

In dai haddar sunayen sarakuna da shekarun yaƙi ake nufi, gaskiya amfanin kaɗan ne, waya ma za ta ba shi wannan cikin daƙiƙa biyu. Abinda nake so yaro ya fita da shi daga ajina shine ɗabi'ar tambaya. Wa ya rubuta wannan, yaushe, yana wurin ko labari ya ji, me zai samu in na yarda, kuma waye ba a ji ta bakinsa ba. Likita na buƙatar wannan, mai jefa ƙuri'a ma haka. Kuma abin ba sabo bane, tun wajen 1377 Ibn Khaldun a cikin littafinsa Muƙaddima yake kuka da marubuta tarihi masu kwaso adadin sojoji da na dukiya su zuba a littafi ba tare da sun auna ko hankali zai ɗauka ba.

Toh meya haɗa darasin tarihi da labaran ƙarya na intanet?

Tambayoyin nan dai da na lissafa sune ake yi wa tsohuwar wasiƙa, sune kuma ake yi wa bidiyon da aka turo maka a WhatsApp. Mutane na ɗauka tunda yaran yanzu da waya suka tashi ai sun fi mu ganewa, toh a 2016 wasu masu bincike a jami'ar Stanford ƙarƙashin Sam Wineburg sun gwada, suka tattara amsoshin ɗalibai 7,804 a jihohi 12 na Amurka, sai ga shi sama da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare sun ɗauki talla a matsayin labarin jarida, alhali an rubuta a jiki cewa kuɗi aka biya aka saka. An kuma nuna wa manyansu hoton wasu furanni masu murɗaɗɗiyar siffa aka ce tiririn hatsarin tashar nukiliyar Fukushima ta Japan ne ya yi musu haka, waɗanda suka tsaya tambayar wa ya ɗauki hoton kuma a ina basu kai kashi 20 ba. Iya danna waya daban, iya tantance magana daban.

Abinda yafi tsaya min a rai shine gwajin da suka biyo da shi, inda suka zaunar da malaman tarihi 10 masu digirin digirgir, da ɗaliban Stanford 25, da ma'aikatan bin diddigin labarai 10, aka ba su shafukan intanet su faɗi wanne ne abin yarda. Malaman tarihin da yawansu sun sha wuya, domin sai su zauna a kan shafin suna karantawa daga sama har ƙasa suna duba tsarinsa da kyan tambarinsa. Su kuwa masu bin diddigi basa daɗewa, sai su bar shafin su buɗe wasu a gefe su nemi me wasu ke faɗa a kan masu shafin. Kaga kenan mu malaman tarihi ma da sauranmu, dole mu koyi wannan dabarar kafin mu koya wa yara.

Akwai inda ake koyar da wannan a hukumance?

Akwai. Finlan ta saka koyon tantance labarai cikin manhajarta ta ƙasa da ta fara aiki a 2016, kuma bata ware shi a darasi ɗaya ba, a lissafi ake nuna yadda ake yaudara da alƙaluma, a tarihi a kawo farfagandar yaƙi. A Amurka jihar Illinois ta yi doka a 2021 cewa dole kowace babbar sakandaren gwamnati ta koyar da shi.

Ba tsokano tsuliyar dodo bane a riƙa yi wa yara maganar bauta da wariyar launin fata? Ai ya wuce.

Wannan ita ce wadda aka fi yi min da zafi, kuma na fahimci tsoron, babu uban da yake so ɗansa ya dawo gida da ƙiyayyar wani ko da jin cewa shi mai laifi ne. Amma mu duba kalmar "ya wuce" ɗin. Ruby Bridges, wata yarinya baƙar fata a Amurka, tana da shekara 6 ranar 14 ga Nuwamba 1960 jami'an tsaron tarayya huɗu suka rako ta makarantar firamare a New Orleans, jama'a na ta ihu a bakin ƙofa, iyaye fararen fata suka janye 'ya'yansu, malama ɗaya ce mai suna Barbara Henry ta yarda ta koyar da ita, su biyu kaɗai a aji shekara guda cur. An haifi Ruby a 1954, sa'ar kakannin yaran da ke aji yau ce. Kuma fa wannan ya faru ne shekara shida bayan kotun ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata a shari'ar Brown ta 1954. A wata gunduma a jihar Bajiniya mai suna Prince Edward gwara suka rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964 da dai a haɗa yara baƙaƙe da farare.

Shiru ma darasi ne, yana koya wa yaro cewa abin bai kai a faɗa ba. A Tulsa ta jihar Oklahoma, daga 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni 1921 gungun fararen fata suka ƙone unguwar Greenwood ta baƙaƙe masu arziki, wasu ƙiyasi na cewa matattu sun kai 300, amma aka yi shekaru da dama ana tashi a garin ana gama makaranta ba a taɓa jin labarin a aji ba. Jikokin waɗanda aka ƙone wa gidaje kam sun sani, a gida ake faɗa musu. Toh wane irin zaman tare kenan, rabin aji na ɗauke da abu rabi basu ma san ya faru ba.

A 2021 Oklahoma ɗin da Texas suka yi dokokin taƙaita yadda malami zai yi maganar launin fata, Florida ta biyo a 2022, masu goyon baya na cewa don kar a ɗora wa yaro laifin kakanninsa ne. Ni ma ban yarda a ɗora ba. Damuwata ita ce malamin da ke tsoron rasa aikinsa ba zai tsaya auna iyakar doka ba, tsallake babin zai yi kawai.

Littafin makaranta ma ana iya samun kuskure a ciki?

Sosai ma. A 2015 wani yaro ɗan shekara 15 a Texas ya ga littafin labarin ƙasa na kamfanin McGraw-Hill ya rubuta cewa cinikin bayi ya kawo miliyoyin "ma'aikata" daga Afirka zuwa kudancin Amurka, ya ɗauki hoto ya tura wa mahaifiyarsa, magana ta bazu har kamfanin ya amsa kuskure ya gyara. Ma'aikaci ana biyansa kuma yana iya ajiye aiki, kalma ɗaya ta shafe sarƙa da bulala. Ko lissafin ma da gyara, cikin mutum wajen miliyan 12 da rabi da aka loda a jirage, waɗanda aka sauke kai tsaye a Arewacin Amurka basu kai 400,000 ba, mafi yawa Brazil da tsibiran Karebiyan aka kai su. Ina son ba ɗalibaina wannan labarin saboda yaro ne kamarsu ya gano.

Shi launin fatan kansa fa, kimiyya ce ko mene?

Bambancin fata da gashi gaskiya ne, ido na gani. Amma kasa mutane gida-gida a ce wannan sama wannan ƙasa, mutane ne suka ƙirƙira, masanin halittu Carl Linnaeus ya raba ɗan Adam gida huɗu a 1735, na bayansa suka ɗora. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna kowane mutum biyu sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 cikin 100 na ƙwayoyin gadonsu.

Menene bambancin daidaito da adalci a harkar ilimi?

Daidaito a ba kowa abu iri ɗaya. Adalci a duba daga ina kowa ya taso. In ka ba yara biyu aikin gida iri ɗaya a intanet, ɗaya na da kwamfuta a ɗakinsa ɗayan sai ya jira wayar babansa da dare, a takarda ka daidaita su amma kai ma ka san ba ka yi ba. A Amurka kusan rabin kuɗin makarantun gwamnati daga ƙananan hukumomi yake fitowa, yawanci harajin gidaje da filaye, gwamnatin tarayya abinda take sawa bai cika wuce kashi 10 ba, don haka unguwar da gidajenta ke da tsada makarantarta ce mai kuɗi, kuma da aka kai ƙara kotun ƙoli a 1973 a shari'ar Rodriguez, alƙalai 5 cikin 9 suka ce tsarin bai saɓa wa kundin mulki ba. A Afirka ta Kudu kuwa da gangan aka yi, dokar ilimin Bantu ta 1953 an tsara ta ne don baƙar fata ya tsaya a aikin ƙarfi, har ta kai ga ɗaliban Soweto suka fito ranar 16 ga Yuni 1976 aka buɗe musu wuta.

Kuma nan ne abin ke ci min rai wallahi, makarantar masu hali a nan ake muhawara ana kawo takardu biyu masu karo da juna a ce yara su auna, ta talakawa kuwa ɗalibai sun yi wa malami yawa, sai kwafe rubutu daga allo da hadda don jarrabawa. Yaran da 'yan farfaganda za su fi nema sune aka fi bari ba kariya.

Malamin da ba shi da kwamfuta ko intanet a aji, ya zai yi?

Ya samo rahoto biyu a kan abu ɗaya da ya faru, daga jaridu biyu ko daga ɓangarori biyu na wani yaƙi, ya kwafe su a allo gefe da gefe, yara su ja layi a ƙarƙashin inda suka yarda da juna da inda suka saɓa, su duba wa aka kira "'yan tawaye" a nan aka kira shi "masu neman 'yanci" a can. Ni nakan ce kowa ya kawo saƙo ɗaya da aka turo wa wani a gidansu cikin makon, mu zaɓi guda uku mu bi sawunsu, wa ya fara faɗa, akwai suna da rana da wuri ko kuwa "an ce" ne kawai. Minti 15 ya isa a ƙarshen darasi, sau ɗaya a mako.