Fili Ɗaya, Takarda Biyu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsarin GIS

Duk wanda ya taɓa bin sawun takardar fili a Abuja, Kaduna ko Kano ya ji sunayen AGIS, KADGIS da KANGIS, wato hukumomin da ke kula da bayanan filaye a wuraren nan uku. Haruffa ukun ƙarshe, wato GIS, iri ɗaya ne a dukkansu. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Wai mene ne GIS ɗin nan?

Taswira ce a cikin kwamfuta wadda aka ɗaura wa kundin bayanai. A taswirar takarda, fuloti zane ne kawai mai kusurwa huɗu. A GIS kuwa, kana taɓa zanen sai bayanansa su fito: lambarsa, faɗinsa, sunan wanda aka ba, ranar da aka ba shi, ko na gidan zama ne ko na kasuwanci, da harajin da ake bin sa.

Bayanan kuma shimfiɗa-shimfiɗa ake jera su, kamar ledoji farare da aka yi wa zane aka ɗora wata kan wata. Wannan ta hanyoyi, waccan ta fulotai, ga ta bututun ruwa, ga ta layin wuta, ga ta tudu da kwari. Da an haɗa su sai a ga abin da ido ba ya gani a ƙasa, misali gidaje nawa ne ke ƙarƙashin babbar wayar wuta. An fara tsarin ne a Kanada a shekarun 1960, a hannun Roger Tomlinson, domin ƙidayar filayen ƙasar.

Ba shi ne GPS na waya ba?

A'a. GPS yana faɗa maka inda kake tsaye, GIS kuma yana ajiye abin da aka sani game da wurin. GPS na waya kan yi kuskuren mitoci kaɗan, wanda ba komai ba ne ga mai neman gidan biki, amma a kan iyakar fuloti mita uku rigima ce har kotu. Shi ya sa ma'aikatan safiyo ke da nasu na'urorin da ke auna wuri har zuwa santimita.

Daga ina bayanan ke fitowa?

Daga hotunan tauraron ɗan Adam, da na jiragen sama, da na ƙananan jirage marasa matuƙi, sai awon safiyo a ƙasa. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. Sai dai aikin da ya fi cin rai ba a sama yake ba, yana cikin ɗakin ajiyar fayil: tsofaffin takardun da gara ta ci gefensu, da taswirorin da aka zana da hannu, dole a ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya a daidaita su da abin da ke ƙasa.

A nan akwai wani tarko da masu sana'ar suka sani. Tsofaffin awon Najeriya an gina su ne a kan ma'aunin da ake kira na Minna, GPS kuwa yana aiki da na duniya, WGS84. Idan aka zuba lambobin wannan a cikin wancan ba tare da an juya su ba, fuloti zai gusa da gomman mitoci, ka ga filin mutum ya koma tsakiyar titi ko cikin gidan maƙwabci.

Me ya kawo shi ofisoshin filaye?

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka a birane, wadda yawanci wa'adinta shekara 99 ne ga gidan zama, kuma sai da amincewarsa ake canja sunan mai ita. Wato komai ya rataya a kan fayil. To fayil kuwa yana ɓata, yana ƙonewa, wani lokacin kuma a ɓatar da shi da gangan. Daga nan ake samun fili ɗaya da takarda biyu, kowa na rantsuwa tasa ce ta gaskiya.

Abuja ce ta fara, aka kafa AGIS a 2003 lokacin da Nasir El-Rufai ke ministan babban birnin, aka kuma kira masu takardu su kawo a sake tantance su. Da ya zama gwamnan Kaduna a 2015 sai aka kafa KADGIS. Nasarawa na da NAGIS, Kano na da KANGIS. Hikimar ba ta da wuyar fahimta: idan kowane fuloti yana da zane guda da lamba guda a cikin tsarin, ranar da aka zo ɗora wani a kansa kwamfuta za ta nuna sun hau juna. Kada kuma a manta, gwamnatoci na son abin ne har da don kuɗin shiga, domin sai ka san masu fili kake iya karɓar haraji a hannunsu.

To ni da na sayi filin awon igiya fa?

Nan ne gizo ke saƙa. Unguwanni da yawa a gefen biranenmu gonaki ne da aka yanka da igiya, dillali ya haɗa ciniki, mai unguwa ya sa hannu, shaidu suka dangwala. Hoton sama zai nuna gidanka sarai, har da tankin ruwan da ke kan rufi, amma ba zai faɗi na wane ne ba. Har sai an auna filin an yi masa rajista, a idon tsarin gini ne kawai marar suna. Haka filin gado da ba a raba ba, da gonar da aka ba da jingina, da burtalin da shanu suka shekara ɗari suna bi.

A ganina wannan ne wurin da ya kamata a fi sa ido. Idan aka zana taswira daga ofis kawai, mai takarda ne zai fito, wanda ya gaji wuri kaka da kakanni ba tare da takarda ba ya ɓace. A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ke haɗa jami'ai da sarakunan gargajiya da wakilan manoma da makiyaya, don a rubuta haƙƙin gargajiya da hanyoyin dabbobi. Irin wannan zama na ƙarƙashin bishiya shi ke samar da bayanin da ya dace a zuba a kwamfuta.

Yaya yake taimakawa wajen hanyoyi, ruwa da wuta?

Ɗauki bututun ruwa. Sau nawa aka ga katafila na aikin titi ta fasa bututu, unguwa ta kwana cikin taɓo, saboda wanda ya san inda aka binne shi ya yi ritaya tuntuni? Da an zana layin, an rubuta girmansa da shekarar da aka sa shi, ɗan kwangila zai duba kafin ya haƙa, hukuma kuma ta san wanne ya tsufa. Haka taransfoma da gidajen da ke rataye a kanta, haka kwalbati da magudanan ruwa.

Batun ambaliya ma haka ne. Shimfiɗar tudu da kwari tana nuna inda ruwa zai bi. A Kano an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, alhali su ne ke shanye ruwan damina, kuma tsohon hoton sama da sabo idan aka jera su za su nuna waɗanda suka ɓace. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, tambayar farko ita ce waɗanne unguwanni ne a kwari, kuma wace hanya ce ta rage a bi da kayan agaji.

An taɓa ganin amfaninsa a fili a Arewa?

An gani, a yaƙi da cutar shan inna. A da, masu rigakafi na aiki da taswirorin hannu, sai a tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka ba wanda ya sani. Aka koma zana matsugunai daga hotunan tauraron ɗan Adam, aka kuma ba ma'aikata wayoyin da ke nuna inda suka taka, da yamma a duba a ga inda ba a je ba. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Zai hana cuwa-cuwa?

Zai rage ta, ba zai kashe ta ba. Mutum ne ke shigar da bayanin, kuma ƙarya idan ta shiga kwamfuta sai ta fito da hatimi. Abin dubawa shi ne ko tsarin na ajiye sunan duk wanda ya canja wani abu da lokacin da ya canja, da kuma ko ana sabunta shi. Taswirar da aka yi shekara goma ba a taɓa ta ba ta zama hoton tarihi.

Me zan yi kafin in biya kuɗin fili?

Karɓi kwafin takarda, ka je ofishin filaye na jihar ka nemi a yi maka binciken fayil a hukumance. Duba sunan da ke ciki, da ko an jinginar da filin a banki, da abin da aka ware wurin dominsa. Sannan ka ɗauki safiyo mai lasisi ya je ya auna bikon, wato duwatsun alamar iyaka da ke kusurwoyin filin, ya gwada da lambobin da ke takardar. Bayan haka ka zauna da mai unguwa da maƙwabtan filin ka tambaye su wa suka sani da shi.