Waiwaye: Yadda lasisin giya ya rabu gida uku a Legas

Tun da aka shelanta hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe a 2024, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu otal na kukan takardun izini sun yi yawa har suna korar baƙi, mu kuma a Agege da Idi-Araba muna kukan mashaya ta matso jikin masallaci. Rigimar nan ta girmi duk masu yin ta.

Yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda manyan ƙasashen duniya suka ƙulla, ta sa aka hana shigar da barasar Turawa Arewa, amma a Kudu harajinta ya zama babbar hanyar kuɗin shigar gwamnatin mulkin mallaka. Daga baya aka fara yin giyar a gida: Star a Iganmu a 1949, sannan Guinness a Ikeja. Wato tun fil azal, a Legas an fi kallon giya ta fuskar kuɗin shiga.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a 1999. Hankalin kowa na kan Zamfara da batun Shari'a, alhali sabon kundin tsarin mulki, a jadawalinsa na huɗu, ya sanya lasisin sayar da giya cikin ayyukan ƙananan hukumomi, a jeri guda da kula da shaguna, gidajen abinci da masu wanki. Layi ɗaya tak. A yawancin garuruwan Arewa ba a ji nauyinsa ba, don dokar jiha ta rufe shi. A Legas kuwa akwai ƙananan hukumomi 20, aka ƙara yankunan raya ƙasa 37 a 2003, kuma kowanne na da hurumin unguwarsa. Sai harajin kashi 5 cikin ɗari da jiha ta ɗora kan ɗakin otal da abin ci da sha a 2009. A 2013 Kotun Ƙoli ta ce rajistar otal hurumin jiha ne. Ingancin abin da ke cikin kwalbar kuma yana hannun tarayya.

To ka ga gini guda, takardu daga hawa uku. Manyan otal na Victoria Island sukan zuba kuɗin cikin farashin ɗaki, ɗan yawon buɗe idon da ya sauka a Disamba ya biya ko a jikinsa. Ƙaramin otal na cikin lungu shi ke jin jiki, kuma in cinikinsa ya ja baya, mai tsiren da ke bakin ƙofa da mai gadin dare, waɗanda galibi yaranmu ne, su ma sun ji. Ni ba na sha, ba na kuma son a sha, amma na san gidajen da tukunyarsu ke jiran wannan tsiren.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in dattawan unguwa suka tashi kai ƙorafin mashayar da ke kiɗa har asuba kusa da Islamiyya, sai mai wurin ya fito da rasiti uku, kowanne halastacce, kuma babu wanda ya ambaci Islamiyyar.