Hoton Zafin Jiki a Fagen Tantance Mutum

Hoton zafin jiki hoto ne da wata kyamara ta musamman ke ɗauka daga ɗumin da fata ke fitarwa. Ɗumin yana fita ne a matsayin hasken infirared da ido ba ya gani, wanda masanin taurari William Herschel ya gano a 1800. Fatar mutum ta fi fitar da shi a tsawon zangon haske na maikiromita 8 zuwa 14 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), shi ya sa kyamarar ke ganin fuska ko da a cikin baƙin duhu.

A farkon shekarun 1990 ne Francine Prokoski, wata mai bincike a Amurka, ta kawo shawarar a riƙa gane mutum ta wannan hanya. Hujjarta ita ce jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fatar fuska sun fi naman da ke kewaye da su ɗumi, kuma shimfiɗarsu ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Sai dai ɗumin fuska ba ya zama wuri ɗaya. Zazzaɓi, gudu, sanyin safiya, har da fargaba, duk suna sauya shi. Gwaje-gwajen Jami'ar Notre Dame sun nuna cewa idan aka sami tazarar makonni tsakanin hoton rajista da na tantancewa, daidaiton yana raguwa. Ga kuma tabarau: gilashi ba ya barin wannan haske ya ratsa, don haka idanun mai tabarau suna fitowa baƙi ƙirin, ɓangare mai muhimmanci na fuskar ya ɓace. Saboda haka ne ake yin gilashin kyamarar kanta da sinadarin jamaniyam, wanda hasken ke iya ratsawa.

Inda fasahar ta fi amfani shi ne tabbatar da cewa mai rai ne a gaban na'ura. Hoton takarda, hoton da aka nuna a allon waya ko fuskar roba da aka sanya ba su da ɗumin da ke taruwa a kusurwar ido ta wajen hanci. Cibiyar Idiap da ke Suwizalan ta haɗa hoton zafi da sauran nau'o'in hoto a bincikenta na kama irin wannan yaudara. A kula, Face ID, tsarin Apple na buɗe waya da fuska, ba zafi yake aunawa ba. Haska fuska yake yi da infirared na kusa, wato nau'in da ya fi kusa da hasken da ido ke gani.

Wani ɓangaren binciken, wanda ya fi shafar mai amfani da katin banki, shi ne satar lambar sirri. Yatsa yakan bar ɗuminsa a kan maɓalli kamar sawun ƙafa a kan rairayi, kuma wanda aka danna a ƙarshe ya fi haske, don haka har jerin lambobin ana iya ganowa. Michał Zalewski, wani masanin tsaron kwamfuta, ya nuna haka a 2005. A 2011 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka gano cewa maɓallan roba suna tona asiri, na ƙarfe kuwa suna watsa ɗumin da sauri. A 2022 tawagar Mohamed Khamis a Jami'ar Glasgow ta gano kashi 86 cikin ɗari na kalmomin sirrin da aka ɗauki hoton maɓallansu cikin daƙiƙa 20 da danna su, da kashi 62 bayan daƙiƙa 60. Abin damuwa ne ƙwarai, domin yanzu ana sayar da ƙananan kyamarorin zafi da ake maƙalawa a waya. Masu binciken sun ba da shawarar a tsawaita kalmar sirri, a kuma haɗa ta da zanen yatsa ko tantancewar fuska.