Kumfar allurar sikanin: ina ruwan girmanta da hasken hoto?

Ƙanwata da ke koyon aikin sikanin (ɗaukar hoton cikin jiki da sauti) a nan Kaduna ta tsare ni da tambayoyi kan ruwan kumfar da ake yi wa majiyyaci allurarsa a jijiya kafin a duba hanta ko zuciya.

Yaya, wace irin kumfa ce ake sa wa mutum a jini?

Ƙwayoyin iska ne, kowace a lulluɓe da siririn ɓawo na maiƙo ko furotin. Ki ɗauki SonoVue, ɗaya daga cikin irin wannan ruwan kumfa: matsakaicin faɗin ƙwayarta maikuromita 2.5 ne, alhali jan ƙwayar jini takan kai 7 zuwa 8. Maikuromita ɗaya kuwa milimita ce aka raba gida 1,000. Iskar na fita ta numfashi cikin 'yan mintoci, ba ta bi ta ƙoda.

To me girman ke sauyawa?

Nan gizo ke saƙar. Idan sautin na'ura ya bugi kumfa, sai ta riƙa matsewa tana kumbura, ta mayar da amo. Kowace tana da muryar da ta fi amsawa, kamar kayan kiɗa: babbar ganga amonta kauri, ƙarama siriri. A lissafin masanin kimiyya Minnaert na 1933, idan girman ya ragu da rabi, saurin kaɗawar ya ninka. Kumfa tsirara, marar ɓawo, mai faɗin maikuromita 2 tana amsawa wajen megahaz 3 (kaɗawa miliyan 3 a daƙiƙa), na'urar duba ciki kuma tana aiki tsakanin 2 da 5. Abin ya zo daidai, shi ya sa jini ke haskewa tar a allo. Ɓawon ma da nasa tasirin: mai tauri yana ɗaga muryar, yadda makaɗi ke matse tsarkiyar kalangu a hammata.

Ke nan babba ta fi?

Wajen ƙarfin amo, sau da yawa haka ne. Sai dai wadda ta wuce maikuromita 10 maƙalewa take a siraran hanyoyin jinin huhu. Likitoci ma sun mayar da wannan dabara: sukan kaɗa ruwan gishiri da iska tsakanin sirinji biyu, su yi allura. Wannan kumfa manya ce, huhu kan tare ta; in ta ɓullo a hagun zuciya cikin bugu biyu ko uku, ana zargin akwai ƙofa a bangon da ya raba dama da hagun zuciyar.

Me zan kiyaye a kan na'ura?

Rage ƙarfin bugun sauti, ki sa ido kan adadin MI, ma'aunin ƙarfin bugun, a gefen allo. In kika bar shi sama kamar na sikanin yau da kullum, kumfar fashewa za ta yi kina kallo.